An Haife Shi "Wajejen" 1930: Neman Asalin Hausawan Abijan a Cikin Takardu

A Amurka doka ta ce takardun ƙidayar jama'a su zauna a kulle shekara 72, daga nan kowa yana iya dubawa. A watan Afrilun 2022 aka saki na ƙidayar 1950, mutane suka yi ca a intanet, kowa na lalubar sunan kakansa, da titin da ya zauna, da sana'ar da ya yi. A Ingila shekara 100 ake jira, su ma a wannan shekarar suka buɗe na 1921. A can, tonon asali abin sha'awa ne na masu ritaya. Ga Bahaushen da aka haifa a Adjame ko Treichville cikin birnin Abijan kuwa, tambayar "yaushe kakanka ya zo, ina shaida?" tambaya ce da ke yanke ko zai samu katin ɗan ƙasa, ko ɗansa zai zauna jarrabawa, ko zai iya sayen fili da sunansa. Shi ya sa ya kamata a san abin da takardun Kwaddibuwa suka rubuta game da mutanenmu, da abin da suka tsallake, da dalilin tsallakewar.

Mu fara da cewa Hausawa sun riga takarda zuwa ƙasar. Lokacin da Bafaranshen nan Binger ya shiga birnin Kong a farkon 1888, ya tarar da unguwar Hausawa marina da karofinsu na baba. Julawa na kiran su Maraba, unguwar kuma Marabasu. A Bonduku ma akwai unguwarsu, domin garin yana kan hanyar fataken goro da ta haɗa Kano da Gwanja. A lokacin babu mulkin mallakar Kwaddibuwa, sai a 1893 aka kafa shi, Binger ɗin nan ne ma gwamnan farko. Abijan kuwa 'yan ƙauyukan ƙabilar Ebrie ne a bakin tafki. Layin dogo ne ya yi ta. An fara shimfiɗa shi daga nan a 1904, ya kai Buwake a 1912, Bobo-Julaso a 1934, Wagadugu a 1954. Sunansa layin Abijan-Nijar, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba. A 1934 aka mai da hedikwatar mulki Abijan daga Bingerville, a 1950 aka fasa mashigin Vridi, manyan jiragen ruwa suka samu shiga tafkin. Daga nan gari ya ɓalle. Ƙidayar birnin ta 1955 ta samu mutum sama da 120,000, zuwa 1975 adadin ya doshi miliyan ɗaya.

Turawa sun keɓe wa kansu tudun Plateau. Baƙar fata aka tura su gefe biyu: Adjame a arewa, bayan barikokin soja, da Treichville a kudu, ƙetaren ruwa, inda aka yanka tituna kamar gidan dara, aka ba su lambobi maimakon sunaye. A waɗannan unguwanni biyu baƙi ke sauka, cikin gidajen haya masu ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Nan Adarawa da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Damagarawa da Kanawa suka zube, wasu da fataucin goro daga Anyama, wasu da albasar Galmi, wasu fawa da tsire, wasu dako a tashar jiragen ruwa, wasu gadi. Har yau mutumin Abijan in ya ce zai sha kofi wurin "aboki", ko zai ci "garba", wato garin rogon attieke da soyayyen kifi, kalmominmu yake furtawa ko bai sani ba. Sunan Bahaushe ya shiga bakin gari. Shigarsa littafin gwamnati ita ce ta yi wuya.

Rajistar haihuwa a mulkin Faransa iri biyu ce tun asali. Akwai ta Turawa da 'yan tsirarun baƙaƙen da aka ba matsayin 'yan ƙasar Faransa, wadda ake cikawa tsaf. Akwai ta talakawan mallaka, wadda sai a 1933 aka yi mata tsari na bai-ɗaya a Afirka ta Yamma ta Faransa, aka sake faɗaɗa ta a 1950. Ko a lokacin, waɗanda ta fi kamawa su ne soja da ma'aikatan gwamnati da sarakuna, masu jiran fansho ko kuɗin 'ya'ya. Mai tallar goro me zai kai shi ofishin Bature ya ce an yi masa haihuwa? Ya yanka rago ran suna, liman ya yi addu'a, wanzami ya yi aski, maroƙi ya sanar. A wurinsa magana ta ƙare. Ga kuma tunanin ɗan cin rani, wanda kullum yake cewa baɗi zai koma gida. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Sai raɓar ta shekara arba'in a Avenue 8, ta yi jikoki.

Bayan samun 'yanci, dokokin 7 ga Oktoban 1964 suka wajabta wa kowa rajista. Wanda bai yi cikin wa'adi ba (yanzu wata uku ne) sai ya je kotu da shaidu biyu, alƙali ya yanke hukuncin da zai maye gurbin takardar haihuwa. Sunan wannan takarda jugement supplétif, kuma ita ce mafi yawan iyayenmu na can suke da ita. A kanta ne ake ganin kalmomi biyun da suka zama tambarin wani zamani guda: né vers, wato "an haife shi wajejen". Alƙali ko likita ya dubi tsawon yaro da haƙoransa, ko furfurar dattijo, ya yi kirdado. Da aka zo zamanin kwamfuta, wadda ba ta san "wajejen" ba, sai aka riƙa cike gurbin da 1 ga Janairu ko 31 ga Disamba. Duk mai bincike da ya ga gida guda mutum biyar an haife su ran 1 ga Janairu, kada ya yi mamaki.

Kada kuma a raina mutanenmu a kan wannan. Shi kansa Félix Houphouët-Boigny, ranar haihuwarsa a hukumance 18 ga Oktoban 1905 ce, amma masana tarihi da dama na ganin ya girmi haka. Har ma 'yan Kwaddibuwa suna da ba'ar da suke yi wa wanda ya koma kotu ya rage shekarunsa don makaranta ko aikin gwamnati ko ƙwallo: sukan ce ya yi René Caillié. Sunan Bafaranshen matafiyin nan ne da ya shiga Tumbutu a 1828, amma da Faransanci rené na nufin wanda aka sake haifa.

To, in shekarar ƙarya ce, mene ne amfanin takardar? Amfaninta yana gefe, wurin da mutane ba su cika dubawa ba. Abin da ofishin magajin garin Adjame ko na Treichville ya saba bayarwa shi ne 'yar gajeruwar takarda, extrait, mai sunan yaro da na iyaye da kwanan wata. Mai neman tarihi cikakken kwafi zai nema, copie intégrale. A ciki ne ake samun shekarun uba, da garin da aka haife shi, da sana'arsa, da inda yake zaune, da sunan wanda ya zo ya kai rahoton haihuwar. A hukuncin kotu kuma akwai sunayen shaidu. A ganina waɗannan sunaye sun fi shekarar daraja nesa ba kusa ba. Baƙo ba ya ɗaukar wanda bai sani ba ya kai shi gaban alƙali. Shaidunsa ko dai 'yan garinsu ne, ko maigidan da ya sauke shi. In ka tara takardun 'yan'uwa huɗu ka ga suna ɗaya yana dawowa a matsayin shaida, ka samu bakin zaren. Nemi zuriyar wannan mutum, akwai abin da suka sani game da gidanku wanda ku ba ku sani ba. A kuma tuna ana rubuta rajistar kwafi biyu, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a wurin magatakardar kotu, don haka in gara ko ruwa sun ci ɗaya, ba a fid da rai da ɗayan ba. Sai a 1980 aka raba Abijan ƙananan hukumomi goma, saboda haka tsofaffin takardu sunan Abijan ɗungurungum suke ɗauke da shi.

Matsalar suna ta fi ta shekaru rikitarwa. Bahaushe yana da sunan yanka, yana da laƙabi, yana da sunan da uwarsa ke kiransa saboda alkunya, yana da sunan sana'a ko na garinsu da aka san shi da shi a zango. Abubakar shi ne Garba, shi ne Buba, shi ne Habu. Akawun da ya rubuta, wataƙila Ba'ule ne ko ɗan Dahomey, da kunnen Faransanci ya ji: Usman ya zama Ousmane, Shu'aibu ya zama Chaïbou, Yusufu ya zama Issoufou, Muhammadu kuwa ana iya samunsa iri biyar a gida ɗaya. Sannan dokar suna ta 1964 ta ce kowa ya kasance da sunan dangi tsayayye, wanda ake fara rubutawa kafin sunan mutum. Mu kuwa ba mu da wannan al'ada, sunan uba muke jinginawa, yana sauyawa daga tsara zuwa tsara. A ce wani Isa ɗan Garba ya je rajista. Wani akawun zai ɗauki Garba a matsayin sunan dangi, wani zai ɗauki Isa. 'Ya'yansa na fari su fito da sunan dangi Garba, na baya su fito da Issa, a takarda sun zama bare ga juna. Wasu kuma, da zama ya yi tsawo cikin Julawa, sun ari sunayen dangi irin su Touré da Traoré, wani don auratayya, wani don ya huta da tambayar 'yan sanda.

Sai dai sunan Hausa da ya rikita akawu shi ne kuma yake gyara masa kuskure. Sunayenmu na gargajiya rajistar haihuwa ce ta kansu. Ɗanjuma da Jummai ran Juma'a aka haife su, Lami ran Alhamis, Balarabe ran Laraba. Azumi cikin watan azumi, Sallau ran salla, Nomau lokacin noma, Marka tsakiyar damina. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da ubansa da rai ba. Haɗa wannan da yadda tsofaffi ke lissafi da manyan shekaru: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, annobar marisuwa ta 1918, farin 1973, yunwar 1984 da mutanen Nijar suka raɗa wa El-Buhari. In takarda ta ce wajejen 1930, tsohuwa ta ce sunanta Azumi kuma da sanyi aka haife ta, sai a ɗauko jadawalin Hijira a duba shekarun da azumi ya faɗo cikin hunturu. Watan yana zagayowa ne cikin kimanin shekara 33, don haka tazarar da za a yi kirdado a ciki takan ragu sosai.

Rajistar aure ita ce ta fi zaluntar mata. Dokar aure ta 1964 ta haramta auren mace fiye da ɗaya, ta soke biyan dukiyar aure, ta ce auren da aka ɗaura gaban magajin gari kaɗai hukuma ta sani. Sabuwar dokar 2019 ma ba ta sauya batun mace ɗaya ba. Auren da liman ya ɗaura a zaure, da waliyyai da shaidu da sadaki da goro, a idon doka babu shi. Littafin iyali, livret de famille, sai mai auren ofis ake ba. Saboda haka Alhajin da ya rayu da mata uku, in ma ya je ofis, ɗaya ce ta shiga littafi. 'Ya'yan sauran biyun an rubuta su a matsayin waɗanda uba ya amsa nasa ne ba tare da aure ba, abin da zai sa kakarsu ta yi kuka in aka fassara mata. Akwai ma inda, don sauƙi, aka rubuta 'ya'yan amarya da sunan uwargida. Ga riƙo kuma: yarinyar da aka kawo daga Madawa tana shekara huɗu wurin gwaggonta, aka yi mata takarda a Treichville a matsayin 'yar gidan. Wanda ya dogara da takarda kaɗai zai zana bishiyar dangi mai kyan gani, rabin rassanta a jikin kututturen da ba nasu ba. Gyaran wannan yana bakin tsofaffin mata, su ne suka san wa ya sha nonon wa, wace ce ta fita ta dawo, wace ce aka kai gida wankan jego ta haihu a can. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, ke nan ɗan fari na iya zama haifaffen Tawa ko Katsina ko da takardarsa ta ce Adjame.

Ƙidaya fa? Kwaddibuwa ta yi ta ƙasa baki ɗaya a 1975, 1988, 1998, 2014 da 2021. Abin da ake bugawa jadawalin alƙaluma ne, ba sunaye ba. Kuma ko a alƙaluman Bahaushe ɓacewa yake yi. 'Yan ƙasa ana kasa su manyan rukunan ƙabilu, Akan da Kru da Mande na arewa da na kudu da Gur, baƙi kuwa da sunan ƙasarsu ake lissafa su. Baƙi sun kai kashi 28 cikin ɗari a 1988, kashi 26 a 1998, kashi 22 a 2021, kuma da yawa cikin waɗannan "baƙi" a ƙasar aka haife su. Bahaushen Maraɗi yana cikin Nigérien tare da Zabarmawa da Buzaye, na Katsina yana cikin Nigérian tare da Yarabawan Ejigbo. Wasali ɗaya ne ya raba kalmomin biyu, kuma hannun akawu yakan zame. Tun zamanin Turawa haka abin yake: wa da ƙane, ɗaya talakan Faransa, ɗaya talakan Ingila, don ƙauyukansu biyu sun faɗa gefe biyu na iyakar da aka ja.

Ƙidayar da ta fi amfani ga mai neman asali a gida take. Kumandan Faransa a Nijar yakan zaga ƙauyuka yana rubuta maigida da matansa da 'ya'yansa da dabbobinsa, don harajin kai. Mutane sun ɓoye 'ya'ya, sun rage awaki, wannan sananne ne. Amma wanda ya tafi bida ba a saurin goge sunansa, danginsa ke biya masa, kuma neman kuɗin harajin nan yana cikin abin da ya kori samari zuwa bakin teku tun farko. Rahotannin rangadi irin waɗannan suna taskar tarihi ta ƙasa a Yamai. Na ɓangaren Nijeriya, rahotannin tsaga haraji na gundumomi suna Kaduna. Takardun babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa suna Dakar. Wanda kakansa ya yi sojan Faransa kuwa ya fi kowa sa'a, domin fayilolin soja ana ajiye su a garin Pau na Faransa, kuma littafin soja yana da gurbin kamannin mutum, inda akan rubuta tsagar fuskarsa. Wanda ya san aska zai gane Bagobiri daga bayanin zanen da ke kumatunsa, ko da an rubuta sunan garinsu a karkace.

Akwai wata shaida da ba a ofis take ba. A 1957 Jean Rouch, wanda ya daɗe yana nazarin tafiyar mutanen Nijar zuwa bakin teku, ya ɗauki fim a Treichville da samarin Nijar masu dako a tashar jiragen ruwa. Fim ɗin, Moi, un noir, ya fito a 1958. Jaruminsa Oumarou Ganda, Bazabarme tsohon sojan yaƙin Indochina, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim a Nijar, a cikin fim ɗin sunan ɗan wasan Amurka Edward G. Robinson yake amsawa, abokinsa kuma Eddie Constantine. Wanda ke son ganin titunan da kakansa ya taka, da irin ɗakin da ya kwana, da yadda saurayi ke sauya suna a bariki kamar riga, ya nemi fim ɗin.

Dalilin da ya sa duk wannan ya zama batun rai shi ne dokar zama ɗan ƙasa ta 14 ga Disamban 1961. Ta ba waɗanda ke zaune a ƙasar kafin 7 ga Agustan 1960 shekara ɗaya su nemi zama 'yan ƙasa cikin sauƙi. Ta kuma ce yaron da baƙi suka haifa a ƙasar yana iya karɓar ƙasar ta hanyar sanarwa, da sharaɗin an yi masa rajistar haihuwa ta ainihi. Kaɗan ne suka ji labari, balle su nema. Me zai sa su nema? Houphouët na maraba da baƙi, suna da katin jam'iyyar PDCI, wadda a Treichville ma kwamitocinta bisa ƙabila aka tsara su, suna jefa ƙuri'a har zaɓen 1990. A 1972 aka toshe ƙofar sanarwar shiru. A 1990 aka ƙirƙiro katin zaman baƙi, daga 1994 aka fara waƙar ivoirité, sai yaƙin 2002 da rikicin 2010 zuwa 2011, waɗanda suka ci rajistoci da dama a arewa da yamma. A 2013 gwamnati ta sake buɗe ƙofar ta 1961 na ɗan lokaci ga waɗanda suka cancanta a da, da 'ya'yansu. Shaidar da aka nema ita ce takardar haihuwa da abin da ke nuna zama a ƙasar tun wancan lokaci, wato ainihin abin da talaka bai da shi. Wani bincike da gwamnati ta yi da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a 2019, ya ƙiyasta mutum kimanin miliyan 1.6 a ƙasar ba su da ƙasa ko suna cikin haɗarin rasa ta. Jikan da Abijan ke kira ɗan Nijar, in ya je Yamai a tambaye shi takardar haihuwar ubansa, ita ma babu.

Saboda haka tsohuwar akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Hajiya ta zama taska. Rasidin haraji, katin jam'iyya, lasisin kasuwa, katin awon ciki, fasfon aikin hajji, katin ofishin jakadanci, har katin zaman baƙin da aka tsana, wanda yake ɗauke da sunan garin haihuwa. Wasiƙun ajami da aka aiko daga gida. Bangon Alƙur'ani ko na Dala'ilu, inda malamai kan rubuta ranar da aka yi musu haihuwa da watan Hijira, wanda sau da yawa ya fi hukuncin alƙali daidai. Littafin bashin maigidan goro, mai sunayen fataken da ya sauke.

Rajistar da ba a cika tunawa da ita ba ita ce ta mutuwa. A ƙauye ana iya binne mutum ba tare da kowa ya rubuta ba, amma a Abijan sai da takardar izinin binnewa ake shiga maƙabarta irin ta Williamsville. Dattijon da ya shekara hamsin yana kauce wa ofis, ranar da ya rasu dole wani ya je ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na uwarsa in an sani, da garin da ya fito. Wanda ya je ɗin yawanci maƙwabci ne ko abokin fatauci da suka taso tare, kuma a ranar babu harajin da ake gudu, babu makarantar da ake rage wa shekaru. A nan ne akan tarar an rubuta Bouza ko Illéla ko Jibiya, sunan da 'ya'yan mamacin suka sha ji a hira amma ba su taɓa ganinsa a takarda ba.